Ɗan Tayin Kwana Biyar da Kuɗin Talakawa

Ranar wata Juma'a, lokacin da motocin shanu suka cushe hanya tun daga bakin gadar Wudil, ƙanwata ta same ni a zaure da wayarta a hannu. Ɗanta na biyu yana da sikila. Shekarunsa tara, amma wanda bai sani ba zai ba shi shida, kuma da zarar hunturu ya kama gidan ya daina barci. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Yaya, duba mini wannan. An ce sitem sel ne, yana warkar da sikila gaba ɗaya. Wata kuma ta ce mini da cikin da aka zubar ake haɗa shi. In haka ne, ya halatta in ba shi?"

Abin da na gani tallar wani gari ce da ake zubawa a ƙarƙashin harshe, irin wanda ake yawo da shi a zaurukan WhatsApp, duk wanda ya saya a mayar da shi ɗan talla. Daga tsirrai aka haɗa shi, babu ƙwayar ɗan Adam ko ɗaya a ciki, kuma babu abin da zai yi wa jinin mai sikila. Na ce ta riƙe kuɗinta. Amma bayan ta tafi maganarta ta zauna mini a rai, domin a numfashi ɗaya ta haɗa abin da majalisun manyan ƙasashe suka shafe shekaru suna ja-in-ja a kansa: yana magani, kuma ya halatta? Ta bar tambaya ta uku, wadda ita ce ta fi damuna: in ma ya halatta, ya dace gwamnati ta zuba kuɗin jama'a a cikinsa?

Abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya, sitem sel, kuma rabin rigimar daga nan take. Jikin mutum gini ne na ƙwayoyin halitta, kowace da sana'arta, ta jini daban, ta fata daban, ta jijiya daban. Akwai kuma waɗanda ba su kama sana'a ba tukuna, waɗanda sauran ke fitowa daga gare su. Su zan kira ƙwayoyin tushe. Wasu suna cikin ɓargon kowannenmu da cikin jinin cibiyar jariri, aikinsu ƙera jini, kuma da su ake dashen ɓargo, wanda likitoci suka fi shekara 50 suna yi ba tare da wani malami ko fada ya ɗaga murya ba. Wasu kuma na ɗan tayi ne. Idan aka haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji domin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, bayan kwana 5 ana samun ɗan curi mai ƙwayoyi ɗari da 'yan kai, wanda bai wuce ƙwayar rairayi ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin da za su iya zama kowane irin naman jiki. Sai dai ba a ciro su sai curin ya tarwatse, kuma ba zai ƙara zama mutum ba. Kashi na ukun daga baya ya zo: a 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano yadda ake ɗaukar ƙwayar fatar ɓera a mayar da ita baya ta koma ta tushe, a 2007 ya yi da ta mutum, a 2012 aka ba shi kyautar Nobel.

A Amurka aka fi jin amon muhawarar, kuma abin lura shi ne ba a kan haramta binciken aka yi ta ba, a kan asusun gwamnatin tarayya aka yi ta. Tun 1996 majalisarsu ke liƙa wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ya hana kashe kuɗin tarayya a binciken da ake lalata ɗan tayi a cikinsa. Shi ya sa lokacin da James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya fara raya ƙwayoyin ɗan tayin mutum a 1998, da kuɗin da ba na gwamnati ba ya yi. Ranar 9 ga Agusta 2001 shugaba George Bush ya ce za a biya kuɗin bincike a kan zuriyar ƙwayoyin da aka riga aka ciro kafin wannan dare kawai. An ce sun haura 60, da aka zo aiki sai aka tarar kusan 21 ne ke da amfani. Sau biyu majalisa ta yi dokar sassautawa, a 2006 da 2007, sau biyu ya hau kujerar na-ƙi. Jihar Kalifoniya ta ƙi jira, masu zaɓenta suka amince da dala biliyan 3 a 2004. Obama ya ɗage takunkumin ranar 9 ga Maris 2009, aka maka gwamnatinsa a kotu, shari'ar ba ta mutu ba sai farkon 2013. Ingila ta yarda da binciken amma ta ja layi a kwana 14. Jamus ta hana ciro ƙwayoyin a ƙasarta, ta yarda a shigo da waɗanda aka ciro a waje kafin wata ƙayyadaddiyar rana.

Mu ma muna da tamu dokar, ko da yake kaɗan ne suka karanta ta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 50, ta hana sarrafa kayan gado na ƙwan haihuwa da na ɗan tayi, ta hana kwafar ɗan Adam, ta hana shigo da ɗan tayi ko fitar da shi daga ƙasa, kuma ta yanke ɗaurin aƙalla shekara 5 ba zaɓin tara. Faɗin lafazin ya isa ya sa duk wani masani ya ja da baya. To amma maganar ba ta mutu a nan ba. Asibitocin dashen ciki suna ƙaruwa a manyan biranenmu, kuma duk inda ake wannan aiki akwai tulunan ƙarfe masu sanyi da ragowar 'yan tayi ke kwance a ciki. A nan Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda jihar Kano ta buɗe a 2001, tana yaye matasan da wasunsu za su nemi tallafin bincike daga asusun TETFund. Kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta. Ko ba jima ko ba daɗe wani zai ajiye takardar neman kuɗi a teburin gwamnati, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjar masu cewa a'a ita ta fi tsaya mini a wuya. Ɗan curin nan, in ji su, ba kamar jinin da aka ja a sirinji ba ne. Kowannenmu ya taɓa zama shi. Alƙur'ani a Suratul Mu'uminun ya jero matakan halitta tun daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini zuwa tsoka zuwa ƙashi, tafiya ɗaya ce ba a sauya matafiyi a hanya ba. Mazhabar Malikiyya da aka rene mu a kanta ta fi sauran tsanani a wannan babi, domin maganar da ta shahara a cikinta, kamar yadda Shehu Dardir ya kawo a sharhinsa na Muhtasar, ita ce ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai cika kwana 40 ba. Mu mutane ne da ko mabiyiya ba ma jefarwa a bola. A wanke ta, a haƙa rami a bayan ɗaki, a binne. Maƙwabtanmu 'yan Katolika sun fi haka tsauri, fadar Paparoma ta fitar da matsaya a 1987 ta sake jaddada ta a 2008 cewa mutunci yana farawa ne tun daga haɗuwar ƙwai da maniyyi. Saboda haka a ƙasar nan masu ƙyamar abin ba 'yan tsiraru ba ne, masallaci da coci na iya haɗuwa a kansa.

Daga nan sai su shigo da maganar aljihu. Bafulatanin da ya kawo bijimi kara, da dillalin da ya sa hannu a ciniki, da mai kifi a bakin gada, kowa yana biyan wani abu da ke ƙarewa a baitulmali. Idan wani attajiri ya gina ɗakin gwaji da dukiyarsa, tsakaninsa da Ubangijinsa ne da kuma doka. Amma idan gwamnati ta biya, ta sa hannun mai kifi a aikin da yake ganin kisan kai ne ba tare da ta tambaye shi ba.

Hujjarsu ta uku ita ce wadda malaman usulu ke kira toshe kafar ɓarna, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Yau ana cewa ragowa kawai za a taɓa. Gobe idan ragowar ba ta isa ba fa? Za a buƙaci ƙwai, kuma ƙwai daga jikin mace yake fitowa, bayan allurai na kwanaki da ke iya kumbura mata ciki har ta kwanta a asibiti. An ga haka a Koriya ta Kudu. Hwang Woo-suk, wanda gwamnatinsu ta zuba wa kuɗi ta mayar da shi gwarzon ƙasa, ya yi shelar nasarori a 2004 da 2005, daga baya aka gano ƙirƙira ce, aka kuma gano cewa wasu ƙwayayen daga jikin matan da ke aiki a ƙarƙashinsa suka fito, wasu kuma sayensu aka yi. A ƙasa mai arziki da tsari ke nan. Ka ɗauko wannan kasuwa ka kawo ta inda yarinya ke rasa kuɗin rajistar makaranta, ka ga wa za ta fara ci.

Masu cewa i ba su shigo hannu rabbana ba, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne daga cikin fiƙihu suke magana. Hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya kasa halitta kashi uku na kwana arba'in-arba'in kafin a busa rai, wato kwana 120. A cikin Malikiyya ma Lakhmi ya sassauta kafin kwana 40. Amma babbar hujjarsu ita ce: hukuncin da ake jawowa yana magana ne a kan abin da ya zauna a mahaifa, shi kuwa curin da ke cikin tulun ƙarfe bai taɓa mahaifa ba. Matar da aka ajiye mata shi ba mai ciki ba ce, ba ya tsawaita mata idda, in ya lalace ba ta yin biƙi. Bai da jijiya, bai da zuciya, bai da siffa. Har zuwa wajen kwana 14 ma yana iya rabuwa gida biyu ya zama Hassan da Usaini, to wanne daga cikinsu ne mutumin da ake cewa an kashe a kwana na biyar? Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Ingila ta ja layinta inda ta ja.

Manyan majalisun fiƙihu sun duba wannan. A 1990 a Jidda, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta ce likitoci su guji haɗa abin da ya wuce buƙata, in kuma an samu ragowa a bar ta ba kulawa har ta ƙare da kanta. A ƙarshen 2003 a Makka, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta ƙara taku ɗaya: ta halatta ɗaukar ƙwayoyin tushe daga baligi da izininsa, daga yaro da izinin waliyyinsa, daga cibiya da mabiyiya, daga ɓarin da ya zo da kansa, da kuma daga ragowar dashen ciki idan iyayen sun bayar. Ta haramta zubar da ciki da gangan domin wannan, ta haramta haɗa ƙwai da maniyyin baƙi musamman domin bincike, ta haramta kwafar ɗan tayi. A shekarar ce cibiyar Royan ta Iran ta raya zuriyar ƙwayoyinta ta farko, Jodan kuma ta yi dokar tsara aikin a 2014.

A nan ne ɓangarorin biyu ke haɗa ƙirji. Mai cewa i yana tambaya: tunda ko fatawar 1990 ta ce a bar shi ya ƙare, wanne ya fi, ya narke a zubar, ko iyayensa su bayar da shi a nemo wa marasa lafiya sauƙi? Mai cewa a'a yana amsawa: akwai tazara tsakanin ƙyale abu ya mutu da sa masa wuƙa, tsohon da ke gargara shi ma tafiya zai yi, amma ba wanda ya isa ya yanka shi don a amfana da ƙodarsa. Na daɗe ina juya wannan amsa. Tana da nauyi, sai dai ta ɗauka an riga an yarda cewa curin da tsohon daidai suke, alhali a kan wannan ɗin ake gardamar tun farko. Ni dai ban iya sa su a sikeli ɗaya ba. Curin yana da hurumi, ba kayan wasa ba ne, ba hajar kasuwa ba ne, kuma ban yarda a ƙirƙire shi domin a tarwatsa shi ba. Amma huruminsa bai kai na ɗan ƙanwata da ke murƙususu a tabarma ba. A wannan gaɓa ina tare da fatawar Makka, duk da zuciyata ba ta saki gaba ɗaya ba.

Halacci abu ɗaya ne, kasafin kuɗi wani abu ne daban, kuma a nan maganar ta fi rikitarwa.

Masu goyon baya suna cewa janyewar gwamnati ba ta kashe bincike, hannu kawai take sauya masa, ya koma wurin 'yan kasuwa da baƙi. Mutanen Kano ba sa buƙatar a ba su labarin abin da hakan ke haifarwa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin IDH na Kano, a gwajin da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004, bayan cutar ta tsallaka wasu ƙasashe. Kowane ɓangare yana jan wannan labari wajensa. Ɗaya ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, jama'ar da aka yi wa haka ba za ta jure jin cewa gwamnati na taɓa 'yan tayi ba, kuma jita-jitar za ta shafi har allurar ƙyanda. Ɗayan ya ce abin ya faru ne daidai saboda binciken ba namu ba ne, ba mu muka biya ba, ba mu muka sa ido ba. Wanda ya biya kuɗi shi ke gindaya sharaɗi, shi zai ce sai da takardar yarda cikin Hausa, shi zai ce ba saye ba sayarwa. Ina ganin na biyun ya fi gaskiya, amma na farkon ya fi sanin unguwa.

Kuma binciken ya fara 'ya'ya, bayan an daɗe ana alkawari. A 2025 aka wallafa sakamakon wani gwaji na kamfanin Vertex a kan masu ciwon sukari nau'in farko, inda aka dasa musu ƙwayoyin da asalinsu daga ɗan tayi ne. Cikin mutum 12, goma sun daina allurar insulin bayan shekara guda, ko da yake sai sun ci gaba da shan maganin danne garkuwar jiki. Ana irin wannan gwaji a kan ciwon ido da ciwon karkarwa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, in ji masu goyon baya, kuma in ba mu horar da namu ba za mu dawwama muna saye. Suna nuna maganin Casgevy na sikila, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ko an sayar da duk shanun da ke kara a wata Juma'ar, yara nawa za a yi wa?

Amma wannan misalin yana juyawa ya sari mai shi. Casgevy ba da ɗan tayi ake yin sa ba, ƙwayoyin tushen jinin mara lafiyan ake cirowa a gyara a mayar masa. Dashen ɓargo, wanda ke warkar da sikila tun shekarun 1980, shi ma daga ɗan'uwa ake ɗiba. Wato cutar da ta fi addabar gidajenmu, wadda da sunanta ake roƙon mu buɗe ƙofar, maganinta ta wata ƙofar yake shigowa. Haka ma hujjar cewa zuriyar ƙwayoyin da ke hannun masana galibi daga Turawa suke, alhali 'yan Afirka sun fi kowa bambancin gado. Gaskiya ne, sai dai hanyar Yamanaka ta fi saurin cike wannan giɓi: a ɗebi ɗan jini daga yaron Wudil da yardar iyayensa, a mayar da ƙwayoyin baya, a yi nazarin cutarsa a cikinsu. Adalci ya sa in faɗa cewa Yamanaka bai kai ga gano hanyarsa ba sai da ilimin da aka tara daga ƙwayoyin ɗan tayi, kuma har yau da su ake gwada ingancin sauran. Bashi ne da duniya ta riga ta ci. Bai zama dole Kano ta sake cin sa daga farko ba.

Sai kuma abin da mai ɗaki ya sani game da inda yake masa yoyo. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, yawanci a wajen kashi 5 take yawo. Ƙwayoyin tushe kuwa ba sa haƙuri irin namu: suna buƙatar zafin digiri 37 dare da rana, tulunan ajiya suna buƙatar ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma ɗaukewar wuta ta dare ɗaya na iya shafe aikin shekara. Mun kuma taɓa ganin yadda muke fara abu mu sake shi. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja ta samar da maganin Niprisan na sikila daga tsirranmu da kuɗin gwamnati, aka ba wani kamfani lasisi, aka ƙaddamar da shi a 2006, cikin 'yan shekaru ya ɓace daga kanti, marasa lafiya suka koma neman sa kamar ruwa a jallo.

A gefe guda, dubi abin da ƙaramin kuɗi ya yi a Kano ɗin nan. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gudanar da gwajin da aka sa wa suna SPRING. Ana ɗora wata 'yar na'ura a gefen kan yaro a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa; in ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sun nuna cewa ƙwayar hydroxyurea, mai araha, wadda ake haɗawa a ƙasar nan, tana rage wannan haɗari ko da a ƙaramin awo. Wannan bincike ne na gaske, an yi shi a kan cutarmu, da likitocinmu, da yardar iyaye, kuma duniya ta karanta shi. Asibitin Koyarwa na Benin ya yi dashen ɓargo na farko a Najeriya ga mai sikila a 2011, na Legas ya fara nasa a 2024. Asibitin Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, don haka hannu da basira ba su ne suka yi ƙaranci ba. A 2024 kuma gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinotayif. Dokar za ta rage masu zuwa, amma ba ta ce komai ga waɗanda aka riga aka haifa ba.

Akwai wani ƙorafi da nake ji daga matasan jami'a, kuma ba na raina shi. Suna cewa kullum aka ambaci babban ilimi sai a ce mana a fara haƙa rijiya tukuna, to yaushe rijiyar za ta ƙare? Talauci bai kamata ya zama hukuncin ɗaurin rai da rai a kan ƙwaƙwalwa ba. Na yarda da su. Abin da nake ce musu shi ne ɗakin gwajin da ke raya ƙwayoyin Yamanaka da na ɓargo, injinansa ɗaya ne da na ƙwayoyin ɗan tayi, hannun da ake horarwa ma ɗaya ne. Wanda ya ƙware a wannan ba zai rasa wancan ba ranar da aka buƙace shi.

Don haka ba na goyon bayan a rufe ƙofar da kwaɗo, kuma ina ganin sashe na 50 yana buƙatar a fayyace shi domin masani ya san inda iyakarsa take. Amma kafin a yi maganar ko sisi, ina son a fara da tulunan ƙarfen nan: a yi dokar da za ta ce 'yan tayi nawa ake haɗawa, shekara nawa ake ajiye su, wa ke da ikon cewa a zubar ko a bayar, me zai faru in aure ya mutu ko miji ya rasu, kuma a sa hukunci mai tsanani a kan cinikin ƙwan mata. A zaunar da malamai da limaman coci da likitoci da iyayen marasa lafiya a kwamiti ɗaya, a yi zaman da harshen da mai kifi zai ji a rediyo. In an yi wannan, ban ga laifi ba a ware ɗan abu kaɗan ga masanan da za su yi aiki da zuriyar ƙwayoyin da aka riga aka raya, kamar yadda Jamus ta yi. Babban kason kuwa, na jihar Kano da na tarayya, wurinsa gwajin jarirai tun ranar suna, da na'urar auna kai a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, da hydroxyurea da ba ta yankewa, da bankin jini mai wuta, da sashen dashen ɓargo a Arewa.

Da ƙanwata ta dawo bayan sati biyu na warware mata duk wannan gwargwadon iyawata. Maganar ɗan tayi ba ta riƙe ta ba, da ta ji babu shi a cikin abin da ɗanta ke buƙata sai ta wuce. Dashen ɓargon ta tsaya a kai. Na gaya mata akwai haɗari, akwai tsada, kuma sai an sami ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda ɓargonsa ya dace, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin huɗu ga kowane ɗan'uwa. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Ta ce, "To, Yaya, yana da 'yan'uwa uku." Sannan ta ce in nemo mata ranar da ake awon kan a Kano, za ta bi motar asuba.